Ƙwaƙwalwar Mai-ƙaho a Hanyar Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a fada, dandalin hirarmu, sai wannan ya ce, Shaibu yaya teku, wancan ya ce da gaske mata ke tuƙa babur a can, wani kuma duk damuwarsa ko na ci naman kare. Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya miƙa wa na gaba. Ran kasuwar Madawa da ta wuce wani ya rantse mini wai na kwana cikin firiji tare da kifaye. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a bar ni in sha shayina.

Ni ɗan Tabotaki ne, aikina gyaran kuran, wato wutar lantarki, a asibitin mishan da ke kusa da Madawa. A magazar asibitin, inda ake ajiye magunguna da buhunan abinci, akwai wata 'yar mota mai ƙarfe biyu a gaba da take cusawa ƙarƙashin kaya ta ɗaga su sama. Masu boko suna ce mata elebater, mu kuwa Mai-ƙaho muke ce mata. Ba ta shan esansi, wato fetur, batir take ci, ba hayaƙi ba ƙara. Kyauta aka aiko da ita daga Turai bayan ta ga jiya ta ga yau, kuma littafinta bai biyo ta ba.

Mai tuƙa ta shi ne Baba Ishaya, mutumin Dewule. Shi Kirista ne ni Musulmi, amma da na zo aiki ban san kowa ba a zaurensa na sauka, kuma matarsa Inna Rahila ce ta riƙe cikina. Da azumi takan dama mini kunu tun kafin rana ta faɗi, ta tsaya a kaina sai na shanye. Da can Baba ɗan dako ne a magazar, har bayansa ya ƙi, sai aka koya masa Mai-ƙaho. Ita ce ta maye masa gurbin baya. Gidan da suke ciki ma na asibiti ne, yana tafiya tare da aikin.

A shekarar da aka karya darajar kuɗinmu sefa, wajen farkon bazara, Mai-ƙaho ta fara taurin kai. Baba zai hau ya murɗa makulli, ita ko motsi. A bayanta akwai wani baƙin akwati da ke ba ta umarni, wanda muke kira ƙwaƙwalwa, a jikinsa akwai 'yar fitila ja. Sai fitilar nan ta ƙifta sau biyu, ta huta, ta ƙifta sau uku, ta sake komawa farko. Na san magana take yi, domin haka irin waɗannan injuna ke faɗin inda ke yi musu ciwo, amma fassarar tana cikin littafin da ba mu da shi. Na duba ruwan batir, na kankare kawunansa, na sauya fis, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ja. Ni ina baya kaina cikin cikinta, Baba yana sama, in ce murɗa ya murɗa. Wata rana sai ta tashi lafiya lau, in fita ina tafiyar ƙasaita, washegari ta kunyata ni a gaban leburori. Ni mutum ne mai saurin fushi, har shurinta na taɓa yi, Baba ya ce in ba ta haƙuri.

Malama, baturiyar da ke kula da magaza, ta yi haƙuri iyakar yinta. Daga baya ta kira mu ta ce manyan kayan magani suna hanya, za su iso kafin damina. In motar ba ta tashi ba dole a ɗauki 'yan dako daga gari, Baba kuma a sallame shi ya huta. Sabuwar ƙwaƙwalwa kuwa, yadda sefa ta faɗi, ba ma a maganarta. Ba da faɗa ta faɗa ba, ita ma idonta ya kawo ruwa. Baba kuwa kowace safiya sai ya zo da tsummansa ya goge motar tun daga ƙaho har baya, ya zauna kusa da ita. Wannan abu ya tsaya mini a rai.

Nomau ne ya kawo shawara, wani direban babbar mota da ke kai albasa Kwatano. Ya ce a can irin motar nan kamar awaki suke, ko'ina ka juya ga su. Na ce to, zuwa da kai ya fi saƙo. Na nemi izini, na kwance ƙwaƙwalwar. Inna Rahila ta naɗe ta a zanenta mai kyau, ta haɗa mini gumba da cuku da ƙuli-ƙuli kamar mai tafiya Makka da ƙafa. Baba ya dafa kaina ya yi addu'a irin tasu, na ce amin irin tamu. Da zan hau mota ya ce, “Kak ka wahal da kanka saboda ni, ɗiyana. In ba ta yi ba, ka komo gida lahiya, shi ɗai na.” Na ce masa ai ba don shi zan je ba, teku nake son gani. Ya san ƙarya nake yi.

Nomau mutum ne da Allah ya ba baki. Daga Madawa zuwa Ƙonni na ji tarihin duk wani rami da ke kan kwalta, da wanda ya faɗa ciki, da abin da ya ce da ya fito. Ƙwaƙwalwar tana bisa cinyata, ban yarda na ajiye ta ƙasa ba, shi ya sa ya raɗa mata suna jaririya. Duk inda muka tsaya sai ya gaya wa mutane su yi mini barka, na haihu. Warin albasa kuwa ya shiga rigata, ya shiga gumbata, har ruwan da nake sha albasa nake ji. A Dogon Dutsi ya yi mini kukan cewa odar motarsa, wato hon, ta mutu tun bara. Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne, waya ce ta tsinke, na ɗaure masa. Ban taɓa yin aikin da na yi nadamarsa kamar wannan ba. Daga nan har Doso bai bar jaki ko kaza ko mai keke bai gaishe shi da oda ba.

A Gaya, bakin iyaka, wani ɗan duwan, wato kwastan, ya leƙo ya ga abu naɗe a zane ina rungume da shi, ya ce in buɗe. Da ya ga baƙin akwati da wayoyi suna leƙe sai ya ja da baya. Maimakon in ce kayan mota ne in yi shiru, sai na shiga yi masa bayani cewa ƙwaƙwalwa ce, tana da jar fitila, tana ƙiftawa tana ƙirga. Ina faɗin ƙirga ya ce in ajiye ta a ƙasa a hankali in matsa. Nomau yana gefe yana dariya har da riƙe ciki, bai taimake ni da ko kalma ɗaya ba. Aka kira babbansu, wani dattijo mai sanyin hali. Ya saurare ni, ya ce in da gaske ni mai gyaran kuran ne, ga fankar ofis can ta daina juyawa tun sanyi. Na hau tebur na gyara ta. Da iska ta fara kaɗa takardunsu sai ga ruwan sanyi an kawo mini, aka buga mini hatimi, har wanda ya tsorata ɗin ya taya ni naɗe jaririya. Muka hau gada muka tsallake Kwara, sai ga mu a Malanbil.

Har Paraku ban ji baƙunci sosai ba, domin ko'ina akwai mai jin Hausa. A can na fara cin sakwara, da miyar gyaɗa da soyayyen cuku mai laushi irin na Fulaninsu. Na saka loma na shiga tauna, abu ya ƙi ƙarewa, yana bin haƙorana kamar ƙaro. Mai abincin ta tsaya tana kallona da tausayi, daga baya ta nuna maƙogwaronta ta ce a haɗiye ake yi. Na ce a raina, mutanen da ba sa tauna abinci me suke yi da haƙora. Amma na ƙara kwano na biyu, kada in yi musu ƙarya.

Bayan Paraku ƙasa ta sauya, Hausa ta fara ƙarewa, na koma lallaɓa ɗan Faransancin da na tsira da shi daga lakwal, makarantar boko. Mu mun baro gida ana zafin da ke fasa dutse, su kuwa damina ta riga ta sauka. Ruwa ya tare mu a hanya ba sallama. Albasa ba ta da maƙiyi kamar ruwa, sai kowa ya yi tsalle ya kama igiyar tamfal, ni ma na fita taimako. Ina tsakiyar ja na tuna tagar gefena ba ta rufuwa. Na koma da gudu na tuɓe rigata na lulluɓe akwatin, na zauna daga ni sai wando ina rawar sanyi. Nomau ya dube ni ya ce, “Wanga tsoho ya yi sa'ar ɗa. Ni ko nawa na cikina ba su tuɓe mini riga.” Daga nan bai ƙara ce mata jaririya ba.

A Kwatano mun sauka a Zongo, gidan wani Alhaji mutumin Keita da ke saukar da fataken albasa. Ɗaki ɗaya ne dogo, tabarmi jere, kowa da jakarsa a matsayin matashi. Abin da ya fi damuna zufa, domin zafinsu ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona ka ya bar ka a bushe, nasu kuwa jiƙa ka yake yi, ka yi wanka ka fito kamar ba ka goge jiki ba. Abincin gari kuma wani farin tuwon masara ne mai tsami da sanyi, naɗe a ganye, ana ci da kifi da barkonon da ke sa mutum ya tuna zunubansa. Gumbar Inna Rahila ce ta cece ni.

Mutanen garin sun ba ni mamaki ta wajen gaisuwa. Mu in mun haɗu sai mun tambayi gida da iyali da gajiya da dabbobi, su kuwa sai mutum ya ce maka, ka yi kaɗan? Ranar farko na ji haushi, na ce wane irin kaɗan, ni da na taso tun daga Adar. Alhaji ya ce sannu da aiki ke nan a wurinsu, amsarta ita ce e, kaɗan. Sannan in ka shiga gidan mutum aka kawo maka ruwa, sai mai kawowa ya fara kurɓa kafin ya miƙo maka. Na ɗauka rowa ce ko rashin tarbiyya, ashe nuna maka yake yi babu cuta a ciki. Da na fahimta sai abin ya burge ni. Mata kuwa, e, suna tuƙa babur, kuma kasuwa a hannunsu take. Wadda ke sayen albasar Nomau in ta ɗaga murya shi da bakinsa duka sai ya yi tsit. Teku na gan shi, ruwa ne mai yawa da ba ya zama wuri ɗaya, na ɗanɗana na tofar. Kare kuma ban ci ba, a daina tambayata.

Nema ya ba ni wuya. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Na hau babur ɗin haya na nufi tashar jiragen ruwa, mai babur yana kutsawa tsakanin manyan motoci, ni hannu ɗaya a akwati ɗaya a rigarsa, babu addu'ar da na sani da ban karanta ba. A ƙofar tasha aka hana ni shiga. Na leƙa ta shinge na ga masu ƙaho da yawa kamar yadda Nomau ya faɗa, amma duk manya ne masu shan gazuwal suna tuttula hayaƙi, babu dangin tamu ko ɗaya. Na yi ta yawo garejin gari, kowa ya juya akwatin ya miƙo mini. Na fara tunanin da wace fuska zan koma. Matar nan mai sayen albasa ce ta ji ana zancen, ta ce masu cin batir ai a ɗakunan sanyi suke, inda ake ajiye daskararren kifi, domin ba a son hayaƙi a rufaffen wuri. Ta ce ƙanen mijinta Kosi shi ke gyara su a wani kamfani, ta sa aka kai ni.

Kosi gajere ne mai ƙiba, na same shi cikin rana tsaka sanye da rigunan sanyi biyu da hular ulu. Na ɗauka ba shi da lafiya. Ya miƙo mini wata rigar, na ce na gode, ni ɗan Adar ne, na san sanyin Disamba. Bai yi gardama ba, ya buɗe wata ƙatuwar ƙofa muka shiga. Ban kai tsakiyar ɗakin ba na ji kunnuwana kamar ana yanka su, gashin hancina ya sandare, zufar da ke jikina ta zama abin da ban san sunansa ba. Na juyo na karɓi rigar ba tare da na dubi idonsa ba. Wannan shi ne duk zaman da na yi a firiji, masu cewa na kwana su ji tsoron Allah.

A can ciki na gan su, 'yan'uwan Mai-ƙaho sak, har launi. Wallahi sai na ji kamar na haɗu da 'yan garinmu. Kosi ya fito da ɗaya waje inda mutum zai iya magana, ya cire ƙwaƙwalwarta ya ɗaura tamu. Ya hau ya murɗa makulli. Mota ta tashi, ta yi gaba ta yi baya, ta ɗaga ƙaho ta sauke, ba ko tari. Ya kashe ya kunna ya fi a ƙirga, ba ta ƙi ba ko sau ɗaya. Ya ce akwatin nan lafiyarsa ƙalau. Na ratsa ƙasa biyu rungume da abin da ba ya ciwo.

Sai ya tambaye ni me fitilar ke cewa. Na ce biyu, ta huta, uku. Ya yi murmushi ya ce in zagaya baya in duba. Ya ɗora ƙafarsa a kan fedal, abin da ake takawa mota ta tafi, ya ɗan danna kaɗan, sannan ya murɗa makulli. Mota ta yi shiru, jar fitila ta ƙifta biyu, ta huta, ta ƙifta uku. Ya ɗage ƙafar, fitila ta daina, mota ta tafi. Ya bayyana mini cewa ba lalacewa ba ce, kariya ce. An yi ta ne yadda in aka kunna ta alhali ana take da fedal ba za ta motsa ba, don kada ta zabura ta murƙushe wani. Ya ce abu biyu ne, ko fedal ɗin ya saki ba ya komowa, ko ƙafar direba tana kansa. Na ce fedal na auna shi, lafiya yake.

“To in kai ka hau ka kunna, tana yi maka haka?”

Na ce ban taɓa hawa ba.

Ya cire hular ulunsa ya dube ni. Ya ce in sake faɗa, wataƙila Faransancina ne bai fita ba. Na ce ban taɓa zama a kujerar ba, kuma babu wanda ya taɓa zama a duk asibitin. Kujerar Baba ce. A wurinmu ba ka zama a buzun dattijo, ba ka hawa sirdinsa, ko ba ya nan. Ba wanda ya hana, ba a dai yi. In ya sauka ma da makullinsa yake sauka, kuma ban taɓa jin zan iya buɗe baki in ce ya ba ni ba. Kosi ya yi dariya har ya zauna a kan kwalin kifi, ya kira abokan aikinsa ya ba su labari, su ma suka dara. Ni ma na yi ƙoƙarin dariya, amma hankalina ya riga ya tafi wani wuri.

Baba ba sabon direba ba ne, shekara da shekaru yana kunna motar nan ba ta taɓa ƙi ba. Me zai sa yanzu ya riƙa ɗora ƙafa a fedal bai sani ba? Sai na tuna wata rana Inna Rahila tana yi masa faɗa, ta ciro ƙaya daga tafin ƙafarsa, ta ce ya wuni da ita yana yawo kamar ba a jikinsa take ba. Na tuna kuma yadda ya koma jan ƙafar dama in yana tafiya, muna ce masa tsufa. Na gaya wa Kosi. Ya daina dariya. Ya ja ni wani lungu ya nuna mini wata tsohuwar mota da aka mayar da fedal ɗinta na hannu, ya zana mini a bayan kwali yadda ake ɗauke abin daga ƙasa a kawo shi kusa da sitiyari. Na kawo abin da zan ba shi ya ƙi karɓa. Ya ce in gai da tsohon, in ce masa wani a bakin teku ya ce ya yi kaɗan.

Komowa ba ni da labarinta da yawa, domin ban ga hanya ba. Nomau ya yi lodin garin rogo, ya yi ta zuba, ni ina ta saƙa da warwara. In na gaya wa Malama gaskiya, wa zai bar mai matacciyar ƙafa ya tuƙa mota a cikin mutane? In kuma na ce na gyara akwati, na koya wa Baba ɗage ƙafa a ɓoye, to ƙafar fa, haka za a bar ta tana mutuwa a gefen asibiti? A Gaya fanka tana nan tana juyawa, suka ɗago mini hannu.

Ban bi ta magaza ba, gidan Baba na fara zuwa. La'asar ce, yana zaune a tabarma ya miƙe ƙafafu, Inna ta shiga dama mini fura. Bayan gaisuwa na miƙa masa akwatin, ya karɓa yana juya shi yana tambaya ko an samu maganin. Na zauna wajen ƙafafunsa. Yana kallon akwati na zaro abin kwance noti daga aljihu na danna masa a tafin ƙafar dama. Na danna da ƙarfi, har wurin ya lotsa. Bai ɗago ba, yana ta ba ni labarin yadda 'yan dako suka fara zuwa tambayar aiki. Sai da ya ji na yi shiru ya sauke akwatin ya ga hannuna.

Na ce, “Baba, tun yaushe?”

“Tun kaka,” in ji shi. “Awa itace haka ni ka jin ta. Na ce in na hwaɗi, amshe makulli za a yi.”

Na gaya masa duk abin da Kosi ya nuna mini. Bai taɓa kawowa a ransa cewa ƙafar ce ke tsayar da motar ba, shi a ganinsa masifu biyu ne suka haɗu masa. Ya jinjina kai ya ce ashe ita ta riga kowa sani, tun farkon bazara take faɗa mana ba mu jin yarenta. Inna tana tsaye a bakin ƙofa da ƙwaryar fura, ta ji komai. Ba ta yi masa faɗa ba, ta ajiye ƙwaryar ta ɗauko masa takalmansa. Na ce ya bari ni in je wurin Malama in san yadda zan tsara maganar. Ya ce a'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ƙafarsa ce shi zai kai ta.

Likita ya ce ciwon suga ne, kuma da an ƙara jinkiri da wata maganar ake yi. Aka ɗora shi a kan magani, aka hana shi shayi mai zaƙi, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Malama ta saurari zancen fedal na hannu, ta ce in gwada, in likita ya yarda ita ma ta yarda. Na yi aikin da taimakon wani maƙeri a Madawa, na sa wa ƙafar katakon da za ta huta a kai. Ranar gwaji duk ma'aikata suka taru. Baba ya hau ya murɗa makulli, ya tura hannu a hankali, Mai-ƙaho ta ɗauki buhunan shinkafa ta kai su har saman tari ta ajiye ba ko girgiza. Malama ta ce kayan magani suna iya isowa duk ranar da suka ga dama.

Ya kashe motar ya sauko, maimakon ya jefa makulli a aljihu sai ya miƙo mini. Ya ce in hau. Na ce Baba ina ni ina wurinka. Ya kamo hannuna ya danƙa mini.

“Hau ka koya ina da rai. Randa hannu yab bi ƙahwa, kada wani ya sake tahiya Kwatano.”

Na tsaya ina juya makullin a hannu, idona ya cika. Sai na tuɓe takalmana na ajiye su a ƙasa, sannan na hau. Leburori suka fashe da dariya, Malama ma ta rufe baki. Baba bai yi dariya ba. Ya sunkuya da bayan nan nasa, ya ɗauke takalman daga gaban taya, ya riƙe mini su har na sauko.